Zauren Aiki da Sana'a: Masta ya ƙi nuna mini cikin inji

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk daga Kumasi ta ƙasar Ghana suka fito, na ɗauki huɗu, biyun farko da gangan na jera su kusa da juna don ina so wanda ya aiko ta farko ya karanta ta biyu, ita ma Hajiyar da ta aiko ta biyun ta karanta tasa. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa.

Tambaya daga wani yaron gareji a Suame Magazin, babbar unguwar gareji ta Kumasi, mazaunin Aboabo:

Salam Baba, dan Allah shawara nake nema. Shekara ta uku kenan ina koyon kanikanci, babana ya biya kuɗin shiga ya saya min akwatin sifana komai da komai, amma har yau aikina wanke kaya da fetur da miƙo sifana da sayo wa masta waakye, ranar da za a buɗe inji ko giyabos kuwa sai ya aike ni kasuwar Kejetia ko wani wuri mai nisa kafin in dawo an ɗaure. Sinia ɗinmu, babban yaron garejin, ya ce in yi shiru shi ma haka aka yi masa sai a shekara ta biyar ya taɓa fistin. Shekaruna 19, abokaina da suka kama tuƙin pragya, keken haya mai ƙafa uku, kullum da kuɗi a aljihunsu. In bari ne ko in ci gaba da haƙuri?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Kar ka bari. Amma irin haƙurin da sinia yake ce maka ka yi, na zama shiru har shekara biyar, shi ma ban yarda da shi ba.

Bari in fara da gefen masta don kar ka ɗauka duk abin da aka sa ka zalunci ne. Shekarar farko ta wanke kaya karatu ce ta gaske, a nan hannunka yake sanin nauyin kowane ƙarfe, ka san sifana 10 da 12 da 17 ba sai ka duba lamba ba, ka ga yadda ringin da ya cinye yake da yadda mai lafiya yake. Kuma injin da ake buɗewa na kwastoma ne, in yaro ya ɗaure kan inji ba daidai ba gasket ya ƙone, masta ne zai biya kuma sunansa ne zai ɓaci a layin. Duk wannan gaskiya ne. Amma shekara uku, kuma a riƙa aikenka daidai lokacin da za a buɗe inji? Wannan ya wuce taka-tsantsan, ɓoye ilimi ne, ko dai yana tsoron ka iya ka tafi da kwastomominsa ko kuma yana jin daɗin hannun da ba a biya.

Abu na farko, kai kanka kar ka tunkare shi da maganar, musamman a gaban sauran yara, zai ji ka ci masa fuska kuma shi ke nan ƙofa ta rufe. Babanka ne ya kai ka, shi zai koma, tare da dattijon da ya yi shaida ranar da aka biya kuɗin shiga. Su same shi a gida ko bayan sallar Juma'a, su fara da godiya, sannan su roƙi abu takamaimai. In suka ce masta a taimaka a koya wa yaro, zai ce ai ana koya masa, magana ta mutu. Su ce: nan da wata uku muna so yaron nan ya iya birki da kuloci shi kaɗai, kuma duk ranar da za a sauke inji ya tsaya a wurin. Abin da aka ambata da suna aka sa masa lokaci shi ake iya dawowa a tambaya.

Kuma su sani maganar tana da gindi a doka. Dokar yara ta Ghana ta 1998, Act 560, ta yi magana kan koyon sana'a wurin masta, ta ce ba a ɗaukar yaro sai ya kai 15 ko ya gama karatun firamare da ƙaramar sakandare (JHS), ta ɗora wa masta nauyin ya koyar iya iyawarsa, ya kula da lafiyar yaro a wurin aiki, in an gama ya ba shi takardar sallama, in kuma rigima ta taso a kai wa jami'in ƙwadago na gunduma. Kai ka wuce 18 yanzu, amma da ka shiga kana ƙarƙashinta. Ban ce a je masa da barazanar doka ba, a'a, sai dai babanka ya shiga zancen yana sane cewa haƙƙin ɗansa yake nema.

Na biyu, abin da ke hannunka. Sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihun rigar aiki, duk motar da ta shigo ka rubuta me direba ya ce tana yi, me masta ya taɓa da farko, me aka samu a ƙarshe. Wata shida kana wannan za ka ga kunnenka ya fara gane ƙarar mota tun kafin a ɗaga bonet. Sannan Magazin cike take da matattun injina, ku haɗa kuɗi kai da wani abokinka ku sayi ɗaya da ya mutu murus, ranar Lahadi ku kwance shi ku jera kayan a kan kwali bi da bi yadda suka fito, ku ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ku mayar. Ku sake. Ba wanda zai yi asara in kun yi kuskure. Sinia ɗin nan kuma ka ja shi a jiki, sau da yawa a gareji sinia ne malamin gaske.

Don ka san abin da kake nema, ga yadda masta nagari yake yi, akwai su da yawa a Magazin ɗin nan. Zai yi aikin kana kallo yana faɗa maka dalilin kowane abu. Gobe ya ba ka sifana ya riƙe maka fitila. Jibi ya tsaya a bayanka ya harɗe hannu, yana ganin ka ɗauki notin da ba shi ba amma ya cije ya yi shiru har ka gane da kanka, sai dai in abin zai yi ɓarna. A ƙarshe ya ce to faɗa wa ƙaramin yaron can yadda ka yi. Wannan harɗe hannun shi ne mafi wuya ga duk mai koyarwa, wallahi ba kowa ke iyawa ba.

In wata ukun ya cika ba abin da ya canza, sai a nema maka wani masta cikin mutunci, da sallama da godiya, shugabannin ƙungiyar masu gareji ta GNAG a yankinku sun saba shiga irin wannan tsakani. Kuma in za ka canza, nemi wurin da ake aiki da na'urar gwajin mota ta kwamfuta, don motocin da ke shigowa yanzu sai an jona musu na'ura suke faɗin ciwonsu, bakaniken da bai iya karanta ta ba aikinsa raguwa zai riƙa yi. Pragya kuwa kuɗin yau take bayarwa, ba na raina mai tuƙa ta, neman halal yake, amma kai ka riga ka zuba shekara uku a nan.

Tambaya daga wata Hajiya mai shagon ɗinki a Asawase:

Malam barka da aiki. Ni tela ce sama da shekara ashirin, yara mata takwas ne a hannuna yanzu. Biyu da na koya wa yanka da zuciya ɗaya, ana yaye su suka buɗe shago a layinmu suka kwashe min kwastomomi, ɗaya ko gaisuwa ba ta yi. Tun daga nan na daina yanka a shago, a gida nake yi da dare in kawo musu su haɗa. To yanzu in azumi ya zo kayan sallah sun taru ba na barci, bayana ciwo idona ciwo, kuma in na yi tafiya shago tsayawa yake. Mijina ya ce laifina ne. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Abin da yaran nan suka yi da ciwo, musamman wadda ta daina gaisuwa, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma ki duba wasiƙar yaron da ke sama, yaran shagonki takwas abin da suke ji kenan, sai dai su ba su rubuto ba. Iyayensu sun kawo su ne su zama teloli, wadda ta iya taka keke da sa zif da guga amma ba ta iya riƙe almakashi ba ai ba a yaye tela ba. Amana ce kika karɓa, kuma ga shi ɓoyewar ke ta fara ci tun kafin ta ci su.

Ki sake tunani kan su wa suka tafi. Kwastomar da ta bi yarinya saboda ragin sidi goma ko ashirin dama ba taki ba ce sosai. Wadda take zuwa saboda kin san kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, kin san ba ta son kaba ya matse ta a hannu, kuma in kin ce Alhamis to Alhamis ɗin ce, wannan ba yanka kaɗai ya riƙe ta ba, shekara ashirin ɗinki ce.

Ga abin da nake ganin zai fi. Ki dawo da teburin yanka shago. Ki zaɓi biyu da suka fi daɗewa ki fara da su a kan takardar siminti ko tsohuwar jarida, su auna junansu da tef su zana da alli su yanka, daga nan yadi mai araha na kayan yara, sai atamfa, leshi da shadda su zo a ƙarshe. Ki fara tun watanni kafin azumi don lokacin da kaya suka taru ba lokacin koyarwa ba ne, kowa a gajiye yake kuma kuskure tsada gare shi. Wadda ta ɓata yadi ki zauna da ita ku nemo inda awon ya kauce, in kika yi mata tsawa a gaban 'yan'uwanta gobe hannunta rawa zai yi a kan almakashi.

Maganar tafiya kuma a gyara ta tun ranar shiga. A zauna da iyaye da shaidu a rubuta: shekara nawa, me za a koya a kowace shekara, kuma bayan yaye ina yarinya za ta buɗe nata. Ba laifi ki roƙi kar a buɗe a layinki, in an faɗa tun farko kowa ya yarda ba wanda zai ji an cuce shi. Wadda ta fi hannu kuma ki yi mata tayin zama bayan yaye da biya na gaskiya, ko albashi ko kaso a kan kowane ɗinki, da yawansu suna tafiya ne don ba a taɓa ce musu ku zauna ga abin da za ku samu ba. In kina cikin ƙungiyar teloli ta ƙasa, GNTDA, ki sa yaranki su zauna jarrabawarta. Ita kuma ɗayar da har yanzu take gaishe ki, in aikin sallah ya fi ƙarfinki ki tura mata wani, 'yarki ce ai, ko'ina ta je za a ce yarinyar Hajiya ce.

Tambaya daga wani matashi mai aiki a kamfanin ruwan leda, mazaunin Tafo Zango:

Baba ina wuni. Ina da babbar difloma ta HND, shekaruna 28, watan jiya aka mai da ni sufabaiza a kan mutum 14 saboda wai na fi kowa ƙoƙari. Cikinsu akwai sa'annin babana, ɗaya ma sahu ɗaya muke sallah a masallacin unguwa. In na ce a yi abu sai su ce to su ƙi yi, sai in ƙare ina yin aikin da kaina har dare. Kamfani ya tura ni wokshop na kwana biyu a otal kan shugabanci, an ba mu satifiket amma da na dawo ban ga abin da zan yi da shi ba. Manaja kuma yana cewa in nuna musu ni ne oga.

Amsa: Ɗana, abin da ya same ka yana samun mutane da yawa a kamfanoni manya da ƙanana. An ga ka iya aikinka sai aka ba ka wani aiki daban wanda ba a koya maka ba, don iya sarrafa inji daban, iya sa mutum 14 su yi aiki tare daban. Wokshop ɗin ba banza ba ne amma kwana biyu a otal ba ya mai da mutum shugaba, abin da kake bukata shi ne wani da ya daɗe yana riƙe mutane ya riƙa zama da kai ko rabin awa ne a mako, ka kawo masa matsalar makon da ta faru da gaske, ya tambaye ka me ka yi, me ka gani, me za ka gwada gaba. Ka roƙi kamfani su haɗa ka da irin wannan mutum, a ciki ko a waje. Kana da hujja, dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta lissafa horarwa da sake horarwa cikin haƙƙin ma'aikaci kuma cikin nauyin da ke kan mai ɗaukar aiki.

Shawarar manaja ta nuna musu kai ne oga, ka bi ta a hankali. A Zango muke, in ka ɗaga wa dattijo murya da rana, kafin isha'i maganar ta isa gidanku. Kuma daina yin aikinsu da kanka, duk daren da ka tsaya ka ƙarasa abin da suka bari koya musu kake cewa ba sai sun yi ba.

Ka fara da wanda ya fi kowa daɗewa, shi da kuke sallah tare ma ya fi. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce Baba an ɗora min wannan nauyi kuma kun riga ni sanin wurin nan, me kuke gani yana hana aiki tafiya? Ka yi shiru ka saurara, ka rubuta. Zai faɗa maka abubuwan da manaja bai sani ba, wataƙila injin da ke yage leda tun bara, ko yadda ake rabon aikin dare da son kai, ko kuɗin obataim da ba ya fitowa. Ka ɗauki ɗaya daga ciki ka yi ta bin ofis har a gyara. Ranar da suka ga ka samo musu wani abu daga sama, ranar za su fara jin maganarka.

Sannan kullum da safe minti biyar a tsaye: yau jaka nawa ake so, wa ke kan inji wa ke kan lodi, jiya ina aka samu matsala. Kowa ya ji da kunnensa a gaban kowa. Yabo ka yi shi a nan cikin mutane, ka ambaci abin da mutum ya yi daidai. Gyara kuwa a keɓe, kuma a kan aikin, ka ce jiya lodin motar ƙarfe biyu bai fita ba sai huɗu me ya faru, kar ka ce kai malalaci ne. In mutum ya maimaita sau biyu sau uku bayan kun yi magana to sai a bi ƙa'idar kamfani a rubuce, kuma ka gaya masa tun kafin ka rubuta, kar ya ji a bakin wani. Girmama dattijo bai hana a gaya masa gaskiyar aiki ba.

In zuciyarka ta ce maka ka yi ƙanƙanta, ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usama ɗan Zaidu yana saurayi a kan rundunar da ke da manyan sahabbai. Kuma tun yanzu ka zaɓi mutum ɗaya cikin 14 ɗin ka fara nuna masa yadda ake cike takardun da kake cikewa, don ranar da ba ka da lafiya ko ka tafi hutunka, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 15 a shekara ba, kar wurin ya tsaya.

Tambaya daga wata budurwa a Sabon Zango:

Baba na gama bautar ƙasa, yanzu ina taya mamana riƙe shagonta na kayan masarufi a Kejetia, muna da yara uku masu aiki. Ina so in yi kwas na harkar gudanarwa amma kullum a WhatsApp ana turo tallan kwasa-kwasai da satifiket, ban san na gaske ba. Ina zan dosa?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi albarka da kike taya mama. Fara da mafi kusa kuma mafi sauƙin kuɗi, hukumar Ghana Enterprises Agency, wadda da ake kira NBSSI, tana da ofisoshin ba ƙananan 'yan kasuwa shawara a gundumomi, suna koyar da riƙe littafin ciniki da lissafin riba da rajistar kasuwanci, wannan shi ya fi dacewa da shago irin naku yanzu. In kina son mai zurfi akwai gajerun kwasa-kwasai a cibiyoyin horar da gudanarwa na GIMPA da MDPI a Ankara babban birnin Ghana, ga kuma jami'ar KNUST da Kumasi Technical University nan gida. Na WhatsApp ɗin kuwa kafin ki tura ko sidi ɗaya ta waya (MoMo) ki tambaye su wace hukuma ta amince da su, in kwas na sana'ar hannu ne hukumar CTVET ce ke amincewa, in na gaba da sakandare ne hukumar GTEC, ki nemi ganin ofishinsu da idonki, ki kuma nemi wani da ya gama ku yi magana. Duk wanda ya ce kujera ta kusa ƙarewa ki biya yau yau, ki bar masa kujerarsa. Kuma duk abin da aka koya miki a aji ki gwada shi a shagon a makon, da yardar mama, ki fara da littafin bashi.

Masu tambaya kan SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, da takardar ɗaukar aiki, saƙonninku sun iso, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu fara.